Wayoyin Jirgin Adarob

Tun kafin ladan ya gyara murya
na shige cikin jirgin Adarob,
filaya a haƙori, tocila a hammata,
gwiwa cikin ruwan da ya kwana da ƙayar kifi.
Sau uku batir na mace masa a tsakiyar Bahar Maliya,
sau uku taurari na rako shi Sawakin.

"Iska kyauta ce," in ji shi, "ruwa ma kyauta.
Kai, Barau, kamo mini su."
Ka ji zancen wanda bai taɓa fere waya ba.

To, na kafa farfela bisa dogon ƙarfe,
fuka-fuki uku, da wutsiya irin ta zakara.
Ta biyun a baya take, ɗaure da igiya,
jirgi na tafe, ita tana murɗawa cikin ruwa
kamar maburgi a tukunyar kuka.
Kowacce da jar wayarta, kowacce da baƙa,
masu kauri na zaɓa,
don siririyar waya ɗan aike ne mai kwaɗayi,
rabin saƙon a hanya yake lashewa.

Batir biyu ke kwance ƙarƙashin benci.
Ɗaya na tada inji, ba a taɓa shi ko da wasa.
Ɗayan na fitila ne, da rediyo,
da 'yar wayar da yake kiran tsohuwarsa a Sinkat.

Sai ɗan abin nan da bai kai ƙwayar dabino ba.
In babu shi, iska na kwantawa
batir zai juyo da abin da ya tara,
farfela ta yi ta shan jininsa har asuba,
baƙo ya ci tuwo, ya tafi da akushi.
Mai gadi ne shi, magana biyu ya sani:
shiga, bismilla,
fita, babu.

Ina narka masa dalma na tuna Cindo,
kakana, da ya taso daga Haɗeja a ƙafa,
shekara bakwai, noma nan, dako can,
har ya iso bakin ruwan nan, Jidda na tsallake.
Guzuri ya ƙare, ya ce bari a tara.
Ya tara 'ya'ya. Ya tara jikoki.
Yana can bayan rusassun gidajen murjani,
fuskarsa na duban inda ƙafa ba ta kai ba.
Wa ya ɗaura masa irin wannan mai gadi?

Hayaƙin dalma ne ya shiga idona.

Na sa fis dab da kan batir,
na shafe kowane kulli da giris,
gishirin nan ba ya barci,
tagulla yake ci, ya bar maka koren gari.

Saura guda. Ran da batir ya ƙoshi,
iska kuwa ba ta san ƙoshi ba,
dole rarar ta sami wurin zuwa,
in ba haka ba farfela ta haukace, ta watsar da fuka-fukanta.
Na ja ta zuwa wani naɗaɗɗen ƙarfe, ta ƙone can a zafi.
Adarob ya ce asara. Na ce zakka.
Ya ce to, a ɗora masa jabana a kai.

Da la'asar muka fita gwaji.
Iskar arewa ta taso, igiya ta miƙe,
allurar mita ta yi rawar sanyi,
ta ɗaga,
ta tsaya.

Ya miƙo mini gahawa mai citta, yana dariya:
"Yanzu ko Jidda sai mu je."
Ban ce komai ba.
Na sake taɓa jar wayar, ko ta yi zafi.
Ba ta yi ba.