Mai Tsagaggen Kunne

Tumatir goma sha bakwai na ƙirga ran Talata,
tun hazo bai gama tashi daga tafkin Ontariyo ba.
Laraba na fito da kofin shayi a hannu,
na tarar da su cif, goma sha bakwai,
kowanne da sawun haƙori guda a kumatu.
Da ɗaya ya ɗauka ya cinye, da na ce yunwa ce.
Wannan kam ɗanɗane ne na mai taya kaya ba kuɗi a aljihu.

Kurege ne baƙi wuluk, kunnen hagu a tsage,
ya harɗe bisa shingen katako yana dubana
kamar ni ne na faɗo masa gida ba sallama.
Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa bas a Hamilton,
na ɗauki mashaya, na ɗauki masu zillewa kuɗin mota,
ban taɓa karo da fitsararre irinsa ba.

Radoslava ta leƙo ta saman shinge:
"Barkono, Dermot. Daka ka barbaɗe ko'ina."
Na barbaɗe. Iska ta juyo.
Ni na wuni ina atishawa, shi ko tari bai yi ba.
Na sayo mujiyar roba mai idon gilashi,
kwana biyu ya ba ta girma,
ran na uku a kanta ya zauna ya ɓare mini masara.
Na ja ragar waya, ya bi ta ƙasa.
Na binne ragar, ya diro ta igiyar shanya.

Sai na ɗana keji da tunkuza a ciki.
Ya shiga. Na sa shi bayan mota,
muka haye gada har Burlington,
yana zagina da yarensu, ina ramawa da nawa.
Na buɗe masa a gindin wata bishiya, na kaɗe hannu.
Ran Lahadi ga kunnen nan a kan shinge.

A watan Oktoba ya taɓa inda ba a taɓawa.
Kwanciyar furen tulif da ke jikin bango,
albasarsu arba'in da Ottilie ta binne da hannunta
kaka ta ƙarshe kafin asibiti.
Na tarar da ramuka kamar an yi ruwan tsakuwa,
ɓawo a warwatse.
Na zauna a matakala har shayin ya yi sanyi.

Da ƙanƙara ta rufe gari na riƙa hango shi ta taga,
ya rame, yana tono a inda ya manta.
Ban jefa masa ko ƙwaya ba.
Kada wani ya yi mini shaidar kirkin da ban yi ba.

Afrilu, tulif uku suka fito. Uku, cikin arba'in.
A tsakiyarsu wani tsiro da ban san shi ba,
siriri kamar tsinken sakace, ganye jere bi da bi.
Radoslava ta gyara tabarau ta duƙa:
"Walnat ne. Ajiyar abokinka ce ta tsiro.
Tuge shi yau. Saiwarsa guba ce ga tumatir,
nan da shekara goma ko ɗaya ba za ka tsinka ba."

Shekarata saba'in da huɗu.
Na yi lissafin a tsaye, bai ɗau lokaci ba.
Na ɗauko guntun ragar da ta kasa tsare masara
na kewaye tsiron da ita,
don na san wanda zai fara zuwa tone shi.

Yana can bisa shinge yanzu haka,
kumatu cike da abin da ban gano ba tukuna.