Kwaɗon Kawu Sallau

Ƙarfe biyu saura na dare a Daura,
an ɗauke wuta tun bayan isha'i,
cajin kwamfuta ya rage ashirin da uku,
sai ga saƙo daga wani mutum
wanda ko sunansa harshena bai iya juyawa ba.

Ya ce, ɗan'uwa, na leƙa manhajarka,
a layi na ɗari huɗu da sha bakwai
ka bar taga a buɗe.
Mai kutse ba sai ya ɓalle ƙofa ba,
hannu kawai zai zura.

Na ji zufa ta keto mini ta ƙeya.

Manhajar ba wata ta a zo a gani ba ce.
Na rubuta ta ne don Hajiya Tabawa mai kemis
ta daina rubuta bashi a bayan kwalin magani.
Da na gama sai na shanya ta a fili,
ciki da bai, mai so ya ɗauka, mai iyawa ya gyara.
Yau shago goma sha ɗaya ke ci da ita,
daga bakin kasuwa har Sandamu, har Mai'aduwa.
A cikinta akwai sunan mai ciwon suga,
da na dattijon da ake bi dubu tara,
da na wanda ke sayen maganin
da ba ya so maƙwabcinsa ya ji.

Ranar da na sake ta, Kawu Sallau maƙeri
ya ajiye guduma ya dube ni.
Ya ce, Nafi'u, tun da nake
ban ga mai kwaɗo ya farke cikinsa
ya baza a kasuwa ba.
Ɓarawo ma fa yana da ido.
Na ce, Kawu, mutanen kirki sun fi ɓarayi yawa.
Ya ce, sun fi yawa,
amma sun fi barci.

To ga ɗaya bai yi barci ba.
Abin da ban sani ba, kuma ba zan sani ba,
ko shi ne na farko da ya ga tagar.

Na kunna fitilar waya na kama da haƙori.
Layi shida na goge, takwas na ɗora,
faci irin na mai keke a bakin titi:
ka shafa, ka danna, ka tsoma a ruwa
ka ga ko kumfa zai tashi.
Sauro na shagalinsa a idon sawuna.
Caji ya koma tara. Data ta ƙare,
na ranto ta ɗari biyar.
Na tura.

Can ya amsa da kalma biyu: ya toshe.
Wataƙila a garinsu rana ce tsaka,
wataƙila shayinsa ya huce saboda ni.

Rijiya ce wannan abu, na gane yanzu,
kowa da gugarsa, kowa da tulunsa,
amma ranar yasa
sai ka waiga ka ga kai kaɗai ne a ƙasa
da wani baƙo riƙe da igiya.

Da safe na hau mashin shago shago,
don na san Hajiya ba za ta taɓa danna sabuntawa ba,
ta ce duk abin da ke aiki a bar shi ya yi.

Na biya ta maƙera da hantsi.
Na ba Kawu labari, bai ɗago ba,
yana ta goga ɗan makulli da magagari.
Ya ce, nawa ya ce ka biya shi?
Na ce, ko sisi.
Ya yi shiru har garwashi ya yi toka.

Sannan ya jawo wani tsohon kwaɗo daga ƙarƙashin buzu,
irin wanda ya ƙera wa rabin unguwar nan,
ya kwance ƙusoshinsa ɗaya bayan ɗaya,
ya turo mini a tafin hannu.
Ya ce, shekara talatin ban bar kowa ya leƙa ba.
Duba mini.
In ka ga wani abu, kada ka faɗa da ƙarfi.