Ɗaki Na Huɗu

Ƙarfe tara nake kunna su,
allo bakwai a ɗaki na huɗu,
cikin tsohon rumbun auduga a bakin ruwan Liverpool
inda har yau bango ke warin gishiri.

Morwenna Pask ce ta yi aikin.
A gwanjo ta tsinci katin gaisuwa:
wani marini tsugune a bakin karofi,
hannu ya rine har gwiwa,
an ɗauke shi tun ba a haifi kakata ba.
A ƙasa kalma biyu,
babu sunansa a ciki.

Ta kankare su, ta sa jan layi mai gudu
irin na labari da ɗumi-ɗuminsa:
yunwa, ambaliya, farashin mai,
an ci ƙwallo, wata ta rabu da mijinta,
yunwa kuma.
Kowane minti marinin ya zama wani:
ɗan gudun hijira, wanda ake nema ruwa a jallo,
abin tausayi, a taimaka da fam uku.
Shi kuwa ko gezau.
Ya kafe mai kyamara da ido
kamar wanda ya zo karɓar bashi.

Jiya 'yan makaranta suka shigo da jiƙaƙƙun laimomi,
suka ba shi baya, suka ɗaga waya,
kowa ya washe baki.
Ashe ba a gama ɗaukarsa ba.

Wani dattijo ya tambaye ni, cikin ladabi,
ko ni ma daga can nake.
Na ce daga Toxteth, bas ɗaya ce.

Aikina in ce kar a taɓa.
Shekara ɗari ana lasar tambari a manna masa,
ana jefa shi akwatin gidan waya,
sai yanzu aka ɗaukar masa mai gadi.

Morwenna ta ce aikin nata tambaya ne.
Na yarda, mutuniyar kirki ce, tana kawo mana biskit.
Amma da jarida ta zo, a gabansa ta tsaya,
sunanta ya fito da manyan baƙaƙe.

Ƙarfe biyar nake kashewa.
Jan layin ke fara mutuwa,
hoton ya saura daƙiƙa uku shi kaɗai.
A nan nake ce masa, sannu da aiki, Baba,
shuɗin ya kama?

Sai allo ya yi baƙi,
in ga fuskata a wurin tasa,
da katin aiki a ƙirji,
nawa da suna.