Cokali na Uku

Likita ya ce mu koma gida.
Bai ce ta warke ba,
ni ma ban tambaya ba.

Mun yi wa Zuwaira shimfiɗa gindin taga,
inda take jin yaran motar Aboabo
suna kiran Kejetia, Kejetia.

Sista Serwaa na zuwa duk Laraba,
maganin raɗaɗi a jaka,
Hausarta guntu-guntu:
"Ina ciwo? Sannu."
Ta ishe mu.

Jiya 'yata ta nemi koko.
Cokali biyu ta sha,
na ukun ta ce in ajiye mata.
Na rufe da faranti.

Ta samu barci yanzu.
Na daina ƙirga kwanaki,
numfashi nake ƙirgawa.
In lissafi ya ɓace mini,
sai in koma ɗaya.