Daƙiƙa Biyu

A jikin taransifomar Gidan Igwai
akwai ɗan faranti, rana ta cinye rabin rubutunsa.
Namadina ya tofa yawu, ya murza da babban yatsa,
ya ce, "Jabbi, karanta muna."
Na karanta: daƙiƙa biyu.
Ya ce, "Iyakar alkawalinta ke nan.
Ba ta ce ukku ba."

Ita wuta ba ta son doguwar hanya.
Mu ke tilasta mata zagaye,
ta bi ta fankar mai jego, ta firjin mai ƙanƙara,
ta injin markaɗen Ta'Allah a bakin kwalbati.
Ran da ta sami ratse kuwa
sai ta kwaso danginta duka,
kamar gulbin Rima ya ga ɓaraka a jikin jingine.

Na farko, wata motar albasa ce
ta ɗebo kaya ya fi ƙarfin titi,
ta haɗa bakin wayoyi biyu da ba sa ga maciji.
Taransifoma ta yi nishi guda,
kurciyoyi suka watse daga kan dogon yaro,
fis ya tsinke, ya fanshe ta.
Aka ce ta tsira.

Na biyu jemage ne.
Na uku iskar farkon damina.
Na huɗu ban san shi ba, ina Illela biki.

Wanda ban manta ba shi ne na watan azumi,
zafi har kwalta na kama takalmi,
unguwa ta yi karo-karo, kuɗin fis bai cika ba,
wani gwani ya naɗa waya mai kaurin igiyar guga
ya ce wannan ba ta tsinkewa.
Gaskiya ya faɗa.
Da ratsen ya zo, ba ta tsinke ba,
sai tagullar ciki ta sha dukan ita kaɗai,
ɗaya, biyu, uku, huɗu,
kafin can babbar tasha su farga su yanke.
Da safe aka mai da wuta, ta kama.
Yara suka yi ihu. Aka ce ta tsira.

Shekara biyu bayan nan, ranar wata Talata,
ba iska, ba hadari,
ƙadangare ne kawai ya taka inda bai kamata ba.
Ta mutu.

Mun buɗe cikinta a shagonmu, bayan tsohuwar kasuwa.
Man ya koma kamar shayin da aka manta a kan garwashi.
Takardar da ke raba waya da waya
na taɓa ta, ta ruguje kamar busasshen ganyen kuka.
Naɗin tagulla ya karkace,
katakon da ke danne shi ya yi sako-sako,
kowane bugu ya ture shi da kaurin farce,
ba wanda ya mai da shi.

Namadina ya ce, "In wuta ta ninka biyu,
zafinta huɗu shika ninkawa,
kuma kowace daƙiƙa da nata lissafi.
Ƙadangare bai kashe ta ba, Jabbi.
Shi dai ya iske gawa tsaye."

Ya miƙa hannu zai ɗauki filaya,
yatsunsa biyu na hagu suka ƙi rufuwa,
waɗanda wuta ta lasa tun ina goye.
Ya dube su, ya sauya hannu.
Na yi kamar ina neman sufana a ƙarƙashin benci.

Ana kiran la'asar muka fara warware naɗin,
shi yana ja, ni ina ƙirga zagaye,
ina rubutawa da alli a jikin ƙofa.
A ɗari da goma sha bakwai tagullar ta yi baƙi.
Ya ce in sa alama a nan.