Maɓallai Goma Sha Biyar

Andarawus, ni ce kuma,
Kachollom mai ɗinki ta bayan Gada Biyu,
wadda shagonta ke jingine da na mai niƙan tattasai.
An ɗauke wuta tun la'asar.
Ƙafa na taka keke, baki na kiranka.

Tun ranar idinka, ƙarshen Nuwamba,
na ware maɓallai goma sha biyar a gwangwanin madara.
Addu'a ɗaya, maɓalli ɗaya ya ƙaura zuwa murfi.
Haka Ngo Vou ta koya mana a Zumunta,
ta ce har daren Kirsimeti, kada a tsallake rana.
Na tsallake biyu. Ka sani.
Lokacin ne ankon 'yan kwaya ya sauka,
yadi arba'in, kowa na son nasa tun jiya.

Da aka kunna kyandir na farko, Fada ya fito cikin shunayya,
ni kuwa idona na kan kalmasar rigarsa da ta saki a gefe.
Ka gafarta. Sana'a ba ta san Lahadi ba.

Ba don kifi na zaɓe ka ba.
Mu nan ba mu da teku,
sai ramukan da masu haƙar kuza suka bar mana,
koren ruwa mai haɗiye yara.
Na zaɓe ka ne don an karanta mana
cewa ranar da ka ga Almasihu
ɗan'uwanka Siman ka fara nema.

Ni ma ina da ɗan'uwa.
Dalyop. Ciki ɗaya, nono ɗaya.
Yana Bukuru, kuɗin mota bai kai na mudun acca ba,
amma Kirsimeti uku ke nan ba mu sa hannu a kwano ɗaya ba
saboda gonar dankalin Baba
da wata kalma da na jefe shi da ita a bakin kabari.
Magana zarar bunu.

Ka kai sunansa gaban Yaron da ke tafe.
Kai ka saba gyaran taru,
ka san inda ya yage ba a fizga.

Kyandir na biyu, shiru.
Na uku, mai ruwan hoda, shiru,
sai sanyin Jos da ke rarrafowa ta ƙarƙashin ƙofa
yana sandarar da yatsu a kan almakashi.
Na ji haushinka. Na faɗa maka ma, da ƙarfi,
har mai niƙa ya leƙo ya ce da wa nake faɗa.

Maɓalli na tara ke hannuna
sa'ad da abin ya faɗo mini:
kai ba aike ka yi ba.
Da ƙafarka ka je.

Na buɗe tsohon littafin awo.
Wuya sha shida, kafaɗa sha takwas,
rubutuna ne, na shekarar da muke dariya.
Na yanka shadda fara da na ɓoye wa kaina,
na kwana a kanta da fitilar waya a baki.
Maɓallai suka ƙare a shago,
sai na ɗebi biyar daga naka.

Ya buɗe ƙofa. Bai ce shigo ba, bai ce koma ba.
Ya karɓa, ya juya ta, ya zura.
Andarawus, ya rame.
Kafaɗar ta zubo har rabin damtse.

"Ta yi yawa," in ji shi.

Shekara uku, wannan ce gaisuwar.
Na ciro ma'auni daga wuyana,
shi kuma ya ɗaga hannuwa ya tsaya,
kamar yadda yakan tsaya tun yana yaro
in Mama za ta gwada masa kayan Kirsimeti.
Ba mu taɓa zancen gona ba.
Matarsa ta kawo gwate, na sha a tsaye.

Ga rigar nan a cinyata, ina rage ta.
Maɓallai goma suka rage a gwangwani,
na cika da ƙwayar wake biyar.
Saura kwana huɗu.
Kada ka saki bakin zaren tukuna.