Hoto na Bakwai

Huwaila ta zo da kyamara rataye a wuya,
ta ce, Baba Anaruwa, rigar aikinka tana nan?
Na ce tana ƙasan adaka,
asu ya ci aljihun, ya bar mini maɓallai.
Ta ce ita nake so, kada a wanke.

Da hantsi muka shiga tsohuwar masaƙa
ta ƙofar da maigadi ya gaji da tsaro.
Tumfafiya ta tsiro inda muke layin albashi,
jemagu sun gaje rufin,
agogon bango yana nan a ƙarfe huɗu saura
tun ranar da aka ce mu je gida, za a neme mu.

Ta tsayar da ni gaban injina,
abokin shekara goma sha tara.
Ta ɗaura farin zare daga yatsana zuwa haƙorinsa mai tsatsa,
ta aza nunanniyar gwanda bisa kujerata.
Na ce, ɗiyata, wannan ai ƙarya muke shiryawa,
ban taɓa shan gwanda a bakin aiki ba.
Ta ce, tsaya dai. Ban da murmushi, ban da ɓata rai.

Safiya bakwai muna komawa.
Ni ina nan yadda nake, a zatona.
Gwandar ce ta yi tabo, ta yi laushi,
ta yi furfura kafin Alhamis,
ta zauna cikin ruwan jikinta, ƙudaje na gaisuwa.

Yau ga mu a bango, a wani zaure a Gusau,
an shafe shi da farin fenti, an kunna fitilu da rana tsaka.
Masu tabarau suna zagayawa da kofin zoɓo,
suna magana ƙasa-ƙasa kamar an zo dubiya.
Wani malamin makaranta ya ce gwandar ƙasarmu ce.
Wata ta ce a'a, zaren ne zancen.
Wani ya ce tsohon ya iya wasa, ko nawa aka biya shi?
Ina bayansu da sabuwar hula,
ba wanda ya waiwayo.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ƙirgawa.
A na farko kafaɗata a miƙe.
A na huɗu zaren ya saki, ban san na sauke hannu ba.
A na bakwai
ba ni ba ne.
Mahaifina ne, shekarar da ya daina zuwa gona,
da wannan wuyan, da wannan kallon
na mai sauraron jiniyar da ba za ta busa ba.
Ashe ba gwandar kaɗai take ɗauka ba, ja'irar yarinya.

Wani yaro ya ja rigar uwarsa, ya nuna:
Inna, wannan ya mutu?
Na duƙa na ce masa, tukuna.

Sai aka ɗauke wuta.
Kafin janareta ya tashi na matsa kusa,
na shafa gefen takardar da ɗan yatsa.
Raɓar damina ta riga ni,
kusurwar ta fara nannaɗewa, ta yi ɗan ja.
Huwaila ta ce hoto ba ya tsufa.
Ban faɗa mata ba.